Tambayoyinku: Yadda Za a Yi Doguwar Ƙaura da Shuke-shuken Gida

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya tare da iyali. Ni matar aure ce, ina zaune a Unguwar Rimi a nan Kaduna. An yi wa maigidana canjin wurin aiki zuwa Sakkwato, kuma mun tsayar da ranar tashi a tsakiyar watan Afrilu, in Allah ya kai mu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne fulawoyina, waɗanda na shekara 9 ina tarawa har suka kai tukunya 26, wasu a tukwanen ƙasa, wasu a na siminti. A cikinsu akwai moda, da alobera, da kariya guda biyu, da na'a-na'a, da ɗoɗɗoya, da wata mai yaɗo da nake ajiyewa a falo, sai kuma wardin da marigayiya mahaifiyata ta dasa da hannunta. Maigida ya ce ko dai in rarraba wa maƙwabta, ko kuma a jera su a bayan kantar da za ta ɗauki gadaje da kujeru a rufa musu tamfol. Hankalina bai kwanta da ko ɗaya ba. Don Allah a ba ni shawara.
Daga wata mai karatu, Unguwar Rimi, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan Mama ya kai haske kabarinta, ya kuma sa wannan tashi ya zama alheri gare ku baki ɗaya.

Maganar maigida ta farko tana kan hanya, domin tukunya 26 ba za su isa Sakkwato da rai gaba ɗayansu ba, kuma wanda ya nace sai ya kwashe su duka, garin neman gira zai rasa ido. Maganarsa ta biyu ce ba zan goya wa baya ba. Mutane da yawa suna zaton gargadar hanya ce take kashe shuka a tafiya, alhali gargada tukunya take fasawa, kuma tukunya ana sayen wata. Zafi da iska su ne suke kashe shukar kanta. Kowane ganye yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan ruwa yake fita a matsayin tururi, saiwa kuma tana jawo wani daga ƙasa ta mayar. Idan aka ɗora shuka a buɗaɗɗiyar mota mai gudun kilomita 80 a sa'a, iskar da ke bugun ganyen tana kwashe ruwan da saurin da saiwar ba za ta iya mayarwa ba, ko da ƙasar tukunyar jiƙe take sharkaf. Idan kuwa aka ce a rufa tamfol don a tare iskar, to an mayar da bayan motar tanderu, domin zafi zai taru a ƙarƙashinsa ya rasa hanyar fita. Daga Kaduna zuwa Sakkwato ta Zariya, Funtuwa da Gusau tafiya ce da ta haura kilomita 450, kuma kin zaɓi watan da zafin Sakkwato yake kaiwa digiri 40 har ya wuce.

Ni kaina na taɓa yin wannan kuskure a tafiyar da ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na taki ba. Na taso daga Zariya da dashen lemo guda shida a bayan a-kori-kura, ina ganin ai nan da Kaduna ne. Da muka tsaya a Mararrabar Jos na leƙa, sai na tarar ganyayen da ke fuskantar gaba sun yayyage, bakinsu ya yi ruwan ƙasa ya nannaɗe kamar an gifta su ta kan garwashi, alhali ƙasar ledojin da danshinta. Biyu daga cikinsu ba su ƙara tashi ba.

Saboda haka abin da za ki riƙe shi ne, duk shukar da za ta tafi da ganyenta da ƙasarta, a motar da ku mutane za ku shiga za ta zauna, ba a motar kaya ba. Wannan kaɗai ya isa ya rage miki lissafi, tun da ƙaramar mota mai ɗauke da iyali ba za ta karɓi fiye da tukunya uku ko huɗu ba. Sauran sai a nemi wata dabara, kuma yawancin abin da kika lissafa ba ya bukatar tukunya ko kaɗan.

Na'a-na'a da ɗoɗɗoya ba su cancanci a ba su wurin zama a mota ba. Ki tsinki sillayen na'a-na'a masu ɗan saiwa da safiyar tafiya, ki naɗe gindinsu da jiƙaƙƙiyar takarda, ki tara irin ɗoɗɗoya daga busassun kawunanta a ƙulle a takarda, tukwanen kuma ki bar wa maƙwabta su riƙa tuna ki da shayi da miya.

Moda da alobera da kariya su ne mafiya sauƙi, domin Allah ya halicce su da rumbun ruwa a jikinsu, moda da alobera a ganye, kariya kuma a kumburarren gindinta. Ki daina ba su ruwa kwana 7 zuwa 10 kafin tafiya. Idan ya rage kwana biyu, ki kwantar da tukunyar ki zaro shukar a hankali, ki kakkaɓe ƙasar da ke jikin saiwar, ki yanke duk saiwar da ta yi baƙi ko ta yi laushi, sannan ki shanya su a inuwa inda iska ke wucewa. Ranar tafiya sai ki naɗe kowace da tsohuwar jarida, ki kwantar da su a kwalin da aka huhhuda. Kada leda ta kusance su, domin leda tana tara gumi, gumi kuma shi ne mafarin ruɓa a irin waɗannan. A haka za su yi mako biyu ba tare da sun ji komai ba, kuma kwali ɗaya zai ɗauki abin da a da ya cika tukunya goma. Akwai abu biyu da zan ja hankalinki a kai. Idan modarki mai ratsin ruwan ɗorawa ce a gefen ganye, ki raba ta daga tushe tare da saiwarta, domin wadda aka tayar daga yankin ganye takan fito koriya zalla, ratsin ya ɓace. Sannan ruwan da ke fita daga jikin kariya dafi ne, har mafarauta a sassan Afirka sun daɗe suna shafa shi a kibiya, don haka ki wanke hannu da sabulu bayan kin taɓa ta, kuma kada kwalinta ya zauna inda yara za su kai hannu. Wani abin daɗi shi ne kariya 'yar busasshiyar ƙasa ce tun asali, za ta fi sakewa a Sakkwato fiye da yadda take yi a daminar Kaduna.

Tukwanen siminti kuwa, shawarata ita ce ki bar su. Idan akwai wanda kike so ƙwarai, a zubar da ƙasarsa a naɗe shi da buhun algarara ya bi motar kaya wayam.

Yanzu sai mu zo kan wardin Mama, wanda na san shi ne dalilin wasiƙar nan, tare da mai yaɗon falo. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma aikin wardin nan daga yau zai fara. Kafin komai ki nema masa magaji. Ki zaɓi reshe lafiyayye mai kaurin fensir wanda ya riga ya yi fure ya zubar, ki yanka shi gida-gida, kowane yanki tsawon santimita 15 zuwa 20, ki cire ganyayen ƙasa ki bar biyu na sama, ki kafa su a yashi mai danshi a inuwa. Ba duka za su kama ba, shi ya sa ake yin biyar ko shida. Waɗanda suka kama, ki bar aƙalla ɗaya a hannun wata 'yar'uwa a nan Kaduna, ta yadda ko da ƙaddara ta faɗa wa uwar a hanya, irin da Mama ta dasa bai yanke ba. Mai yaɗon falo ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba, domin duk gaɓar da aka yanko aka tsoma a ruwa takan fitar da saiwa cikin makonni kaɗan.

Game da tukunyar wardin, shawarar da aka saba bayarwa ita ce a mayar da shuka cikin robar shuka mako uku kafin tafiya, saboda roba ba ta da nauyi kuma ba ta fashewa. Shawara ce mai kyau, amma ina da sharaɗi a kanta. Tsohon wardi da ya shekara da shekaru a wuri ɗaya, tumɓuke shi a tsakiyar bazara wahala ce da za ta hau kan wahalar tafiya. Idan tukunyarsa mutum ɗaya zai iya ɗagawa, ki bar shi a cikinta, a kare tukunyar da tsumma. Sai idan ta yi nauyin da ba za ta shiga mota ba za a canza, kuma a nan ma roba mai girman tsohuwar tukunyar za a nema, a zaro shi da dunƙulen ƙasarsa ba tare da an wargaza ba, da yamma bayan rana ta yi sanyi.

Idan ya rage mako biyu, ki rage masa kamar kashi ɗaya cikin uku na rassansa, ki cire duk fure da duk ƙullin da bai buɗe ba. Na san wannan zai yi miki ciwo, amma fure yana cin ruwa da ƙarfin da shukar take bukata don ta rayu, kuma kowane ganye da aka rage ƙofa ce ta asarar ruwa aka toshe. A wannan lokaci ne kuma za ki juya ganyaye ki duba bayansu. Idan kin ga darɓa, ko wani farin ƙwaro mai kama da ɓarɓashin auduga a matsematsin reshe, ki wanke da ruwan sabulu marar ƙarfi, ki maimaita bayan kwana biyar, don kada ki kai baƙin da ba a gayyata ba sabon gida. Idan tururuwa ta yi gida a tukunyar, a tsoma tukunyar cikin bahon ruwa na minti 20, za su fito da kansu, amma a yi haka mako guda kafin tafiya don ƙasar ta samu ta tsane. Kada a sa taki a wannan tsakani, tun da taki sabon toho yake jawowa, sabon toho kuwa shi ne farkon abin da zafi ke ƙonawa.

Ban ruwa na ƙarshe ya kasance kwana biyu kafin tashi. Abin da ake so shi ne ƙasa mai danshi wadda in an danna ta da yatsa za a ji sanyi amma ba za ta manne a hannu ba. Ƙasar da ta jiƙe da yawa tana da nauyi, tana yoyo a mota, kuma girgizar hanya tana danƙare ta har saiwa ta rasa iska. A daren tafiya ki shimfiɗa jiƙaƙƙiyar jarida a saman ƙasar, ki saka tukunyar a leda ki ɗaure bakin ledar a gindin shukar sakwa-sakwa, ta yadda tukunyar ce kawai a ciki, rassa da ganye suna waje. Rassan kuma ki tattara su sama, ki kewaye su da takarda ko wani tsohon zane marar nauyi kamar mazurari, sama a buɗe. Daga nan sai tukunyar ta shiga kwalin da ya ɗan fi ta faɗi, a cusa dunƙulallun jaridu a kowane gefe har sai an girgiza kwalin an ji ba ta motsi.

Wurinta a mota shi ne ƙasa, tsakanin kujerar gaba da ta baya, inda ba za ta kife ba idan aka taka birki. But ɗin mota haramiyarta ce, domin babu haske, babu iska, ga zafin salansa daga ƙasa. Idan motar tana da na'urar sanyaya wuri a kunna, amma kada iskar ta riƙa bugun ganyen kai tsaye. Tun da arewa za ku nufa da safe, rana za ta riƙa shigowa ta tagar dama har zuwa wajen Funtuwa, don haka a rataya wani ɗankwali a wannan gefe, bayan azahar kuma a mayar da shi hagu. Wuri mafi haɗari a duk tafiyar shi ne inda za ku tsaya salla da cin abinci, a Funtuwa ne ko a Gusau. Motar da aka rufe aka bari a rana, zafin cikinta yana haura digiri 50 kafin sa'a ɗaya ta cika, kuma wannan ya isa ya dafa ganye. A nemi inuwar bishiya, a sassauke gilasai, idan zaman zai yi tsawo a fito da kwalin a ajiye a inuwa. Sannan lokacin mangwaro ne, na kuma san ba a wuce masu talla a hanya hannu rabbana. Mangwaro da ayaba da tumatir idan suna nuna suna fitar da wata iska da ake kira etilin, wadda take sa shuka zubar da ganye da fure a rufaffen wuri, don haka tsarabar ta tafi but, haka ma jarkar fetur in akwai.

Da don shukar kaɗai ne, da tafiyar dare ta fi, amma halin da hanyar Funtuwa zuwa Gusau take ciki bai bar wannan magana ba, kuma babu wardin da ya kai ran mutum. Ku tashi da zarar an idar da sallar asuba.

Idan kun sauka, kwalayen shuka su ne farkon abin buɗewa, kafin gado da kujera. A ajiye wardin a inuwa mai haske, a cire ledar da takardar, a bar tukunyar ta huce, sai da yamma a ba shi ruwa. Ya yi kwana 7 zuwa 10 a inuwar, daga nan a riƙa fito da shi hantsi na sa'a ɗaya ko biyu ana ƙarawa a hankali, kuma mazauninsa na dindindin ya kasance gabashin gida, inda zai sami ranar safe katanga ta tare masa ta yamma. Kada ki tsorata idan ya zubar da ganye a makon farko. Ki kankare bawon reshe kaɗan da farce, muddin kin ga kore a ƙarƙashi yana da rai. Taki sai bayan wata guda. Su kuma moda da alobera da kariya, a dasa su a ƙasar da aka gauraya da yashi mai yawa, a jira kwana biyar kafin ban ruwan farko don raunukan saiwarsu su bushe. Ruwan saman da Sakkwato take samu a shekara kusan rabin na Kaduna ne, kuma damina ba ta kankama sai wajen watan Yuni, saboda haka a can za ki ga amfanin tukunyar ƙasa, wadda take sanyaya saiwa kamar yadda randa take sanyaya ruwa.

Wannan ne ma ya kawo ni ga abin da zan yi da a ce wardin nawa ne. Zan tafi da kwalin moda da kariya a Afrilu, in bar wardin a hannun amintacciyar 'yar'uwa, sai Yuli ko Agusta idan ruwa ya zauna garin ya yi sanyi, a ɗauko shi a ɗaya daga cikin zirga-zirgar da ba za a rasa yi ba tsakanin Sakkwato da Kaduna.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ɗana zai koma Ingila da zama, mahaifiyarsa tana so ya tafi da dashen zogale da na lalle a jakarsa. Ko akwai matsala?
Daga wani mai karatu, Malali, Kaduna.

AMSA: Alhaji barka kadai. Akwai matsala, kuma ta doka ce kafin ta zama ta shuka. Tun yarjejeniyar kare tsirrai ta duniya ta 1951, ƙasashe suna neman takardar shaidar lafiyar shuka kafin a ƙetara iyaka da ita, kuma a Najeriya hukumar NAQS mai kula da killace amfanin gona ita ce take duba shuka ta bayar da wannan takarda. Ingila tana neman takardar ga dashen da aka shigo da shi daga ƙasashe irin tamu, ƙasar da ke jikin saiwa kuwa ita ce abin da jami'an iyaka suka fi ƙi, saboda ƙwari da cututtukan da take ɓoyewa. Wanda ya cusa dashe a jaka bai bayyana ba, zai iya rasa dashen, ya kuma jawo wa kansa tara da bincike. Idan ma an bi duk ƙa'ida, zogale da lalle 'yan ƙasar zafi ne, sanyin hunturun can zai kashe su a waje, a ɗaki kuma ba za su sami ranar da suke so ba. A ba Hajiya haƙuri, ta dasa su a nan da sunansa, ya tarar da su idan ya zo hutu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Mako uku ke nan da muka taso daga Jos zuwa Barnawa. Fulawoyina sun iso lafiya, amma yanzu ganyensu yana komawa ruwan ɗorawa yana zubewa, duk da ina ba su ruwa safe da yamma, har takin zamani na zuba musu.
Daga wata mai karatu, Barnawa, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, Kaduna kuwa wajen rabin haka, don haka fulawoyinki sun sauko daga sanyi zuwa zafi, kuma zubar da wasu ganyaye hanyarsu ce ta rage nauyi kafin su saba. Abin da ya ƙara musu ciwo shi ne jinyar da kike yi musu. Shukar da ta rage ganye ba ta shan ruwa kamar da, sai ruwan ya kwanta a tukunya, saiwa ta rasa iska ta fara ruɓewa, alamar haka kuma ita ce ganye mai ruwan ɗorawa, wanda mai shi yakan ɗauka ƙishirwa ce ya ƙara ruwa. Takin zamani a kan saiwar da ta jigata ƙona ta yake yi. Ki kwashe duk ƙwayar takin da kike iya gani a saman ƙasar, ki duba ramin gindin tukunyar ko ya toshe, ki mayar da su inuwa mai haske. Daga yau kada ki ba su ruwa sai kin tura yatsa cikin ƙasar zuwa gaɓa ta biyu kin ji ta bushe. Idan akwai wadda ƙasarta take wari, ki zaro ta, ki yanke baƙaƙen saiwoyin da wuƙa mai tsabta, ki sake dasa ta a sabuwar ƙasa mai yashi. Ki ba su mako uku a haka, sannan ki sake rubuto mini abin da kika gani a kan rassan.